Taku Arba'in da Ɗaya

Daga bakin ƙofar Lonzo Ragsdale zuwa akwatin wasiƙarsa taku arba'in da ɗaya ne cif. Talatin da biyu a gangara tsakar gida, tara a tsallake titi. Titin nan kuwa shi ne iyakar jihohi biyu: kudu Tennessee, arewa Kentucky. Gidaje goma sha tara ne a bakinsa, sha ɗaya a kudu, takwas a arewa, amma akwatunan wasiƙa duka sha taran a arewa aka kafa su, saboda mai raba wasiƙa daga gidan wayar garin Tullis yake tasowa, ta wannan hannun yake bi, kuma ba ya sauka daga mota don kowa. Shi ya sa duk mutumin titin, in ka tambaye shi adireshinsa, zai ce maka Tullis, Kentucky, ko da kuwa a Tennessee aka yanke masa cibiya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar haka ƙarya. Abin da ke jikin ambulan ke nan.

Lonzo ɗan kudu ne. A gidan aka haife shi, watan Maris na 1955, a nan ya yi aure, a bayan gidan kuma aka binne ubansa da uwarsa da matarsa Nelda, kabari uku a jere cikin shingen da shi ya kafa. Allah bai ba su haihuwa ba. Gonar gado ta tafi tun zamanin uban, abin da ya rage eka biyu ne da kaji goma sha huɗu da sana'a guda a hannu, wato bandar taba.

Sana'ar ba ta mai gaggawa ba ce. In an yanke taba ƙarshen Agusta aka rataye ta hawa-hawa a rumbu, sai a jira ta yi rawaya, sannan mai banda ya shigo. Ya jera faskare a ƙasa layi-layi, ya lulluɓe da garin katako, ya kunna. Ba a son harshen wuta, hayaƙi ake so, ya yi ta ci a hankali kwana da kwanaki har ganye ya yi duhu ya yi sheƙi. Wuta ta yi yawa, rumbu ya tafi da wahalar shekara. Ta yi kaɗan, ganye ya ruɓe a rataye. Kowane rumbu sai an yi masa sau uku. Lonzo ya fara yana da shekara goma sha huɗu, ya yi shekara arba'in da biyar a ciki, a idonsa rumbu shida suka ƙone a yankin, babu nasa ko ɗaya. Manoma huɗu yake yi wa, rumbunansu bakwai, wuta ashirin da ɗaya ke nan duk kaka. Sauran shekara sai gyaran shinge da yankan ciyawa.

Inshorar lafiya ba shi da ita. Da ta wurin aikin Nelda suke samu, a kamfanin ɗinkin riguna, kamfanin ya rufe, bayan shekara uku ita ma ta rufe ido. An gano masa ciwon sukari a 2009, yakan sayi ƙwaya mai araha ya haɗiya in ya tuna. A cikin shekara biyar sau biyu likita ya ga fuskarsa.

Abin da bai taɓa mantawa ba shi ne ɗan littafin tsarin mulki da ke aljihun rigarsa na gaba. Shafi arba'in da takwas, gumi ya mai da bangonsa kamar fata. Kowace safiya yakan je shagon Burl Eakin, inda ake sayar da abincin dabbobi da kofi, akwai tebur ɗaya mai kujera shida, uku na 'yan kudu, uku na 'yan arewa, ana shan kofi ana tsiya irin ta abokan wasa. Burl ɗan arewa ne, sa'an Lonzo, benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma bakinsa ba shi da linzami. Lokacin da aka yi dokar da ta ce kowa ya nemi inshora ko a ci shi tara, Lonzo ya yi shekara biyu yana buga littafin nan a kan tebur. Ya ce abin da aka ba gwamnatin tarayya an lissafa shi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga da yatsa, bai ga inda aka ce ta tilasta wa mutum sayen abu ba. Abin da ba a ba ta ba kuwa na jihohi ne, gyara na goma da aka yi wa tsarin mulkin ya faɗa, ya haddace shi kamar sunansa. Yau inshora, in ji shi, gobe sai su ce kowa ya sayi akwatin gawarsa ya ajiye ƙarƙashin gado.

Ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, wata Alhamis ƙarshen Yunin 2012, duka shida suna gaban talabijin ɗin shagon da hantsi. Alƙalai tara ne. Biyar suka ce ikon kula da ciniki bai kai a sa mutum sayen abu dole ba, Lonzo ya miƙe tsaye. Sai kuma aka ce biyar sun yarda a karɓi tarar da sunan haraji, ya koma ya zauna yana tsaki. Daga baya mai karanta labarai ya kawo kashi na uku: bakwai cikin tara sun ce tarayya ba za ta murɗe wa jihohi hannu ba a kan faɗaɗa inshorar talakawa, wadda ake kira Medicaid. Jihar da ta ga dama ta karɓa, wadda ba ta so ta bari. Nan Lonzo ya daki tebur har cokula suka yi tsalle, ya ce da babu gara ba daɗi, an dai nuna musu akwai shinge. Ya saya wa kowa kofi, kofi shida, abin da bai taɓa yi ba kuma bai sake ba. Burl ya ce a rubuta ranar a bango.

Kentucky ta karɓa, Tennessee ta bari. Lonzo ya ji labarin ya gyaɗa kai. A ganinsa inshorar talakawa ta mata masu goyo ce da waɗanda ba sa iya aiki. Shi mai tashi tun asuba, mai gidan kansa, bai taɓa sa kansa a lissafin ba.

Farkon Satumbar 2014, a wuta ta tara, a rumbun Hoyt Marable, garwashi ya ci tafin takalminsa na dama ya shiga har nama. Bai ji ba. Sukari ya daɗe da kashe masa jin ƙafa, ƙaurin roba kawai ya ji, ya yi ta dube-dube ko wani ya jefa taya a wuta. Sai ran Lahadi, da ya je cin abinci gidan yayarsa Ardis, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ta kafa doka, ta ga safa ta manne da tafin ƙafa. Ardis ta girme shi da shekara huɗu, mijinta ya rasu, ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma gidanta yana arewa, kusan daura da nasa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta rufe tukunya, ta ce gobe ƙarfe takwas ya fito da riga mai tsabta.

Likitan ƙaramin asibitin Tullis ya daɗe yana latsa ƙafar. Ya ce ƙunar ba ita ce babbar matsala ba, jini ne ba ya isa yatsu, shi ya sa ba za ta warke da kanta ba. Sai an yi aikin buɗe jijiya a babban asibitin birni, a riƙa wanke ciwon sau biyu a mako, kuma ya daina taka ta. Da Lonzo ya tambayi abin da aikin zai ci, likita ya faɗi abin da ya fi kuɗin gidansa har da kajin, sannan ya nuna masa ƙofa ta uku a hagu, wurin mai cika takardu.

Twila Beasley sunanta, mace mai fara'a, wata huɗu kacal da zuwanta garin. Da 'yar gari ce da ta san titin iyaka da halinsa. Ta tambayi suna, shekaru, abin da yake samu a shekara, ta tambayi adireshi. Ardis ta amsa: lamba 418, titin iyaka, Tullis, Kentucky. Twila ta ce nan yake zaune? Lonzo ya ce shekara hamsin da tara. Ta danna abin da za ta danna, ta ɗago da murmushi ta ce Baba ya cancanta, ba zai biya ko sisi ba. Ya so ya yi tambaya, Ardis ta taka masa ƙafar hagu a ƙarƙashin tebur, ya karɓi biro ya sa hannu. Kwana goma sha ɗaya kati ya faɗo cikin akwatin wasiƙa. Aka sa ranar aiki, biyu ga Oktoba.

Saura kwana tara ya koma wurin Twila karɓar takardar da zai kai birni. Yana cikin nishaɗi ranar. Ya ga kofinta shuɗi mai alamar ƙungiyar ƙwallon Kentucky, tsiya ta motsa masa, ya ce yarinya mai hankali kamarta me take yi da wannan kofi, su 'yan Tennessee ko kare ba sa ba wa ruwa a irinsa. Ta yi dariya ta ce ai Baba ya ci amanar jiharsa. Ya ce wace jiha, shi da ya jefa ƙuri'a a Tennessee tun yana ɗan shekara goma sha takwas bai taɓa fashi ba.

Twila ta daina dariya. Ta ajiye biro.

"Baba, a ina kuke kwana?"

"A gidana mana, 'yata."

"Gidan yana wane hannun titi?"

"Kudu."

Ardis ta runtse ido. Magana zarar bunu ce. Twila ta juyo da fuskar kwamfutarta ta nuna musu layi biyu, ɗaya na inda wasiƙa take zuwa, ɗaya na inda mutum yake kwantar da kansa, kuma a duka biyun abu ɗaya aka rubuta. Ta ce laifinta ne da ba ta ƙara tambaya ba. Katin na mazauna Kentucky ne kawai.

Lonzo bai ruɗe ba tukuna. Ya ce to a canza masa na Tennessee, ai ba wuya. Ta duba, ko da yake ta san amsar. A Tennessee, namijin da ba shi da yara a hannu, ba naƙasasshe ba, bai kai sittin da biyar ba, babu abin da zai samu komai talaucinsa. Ya ce to wadda ake saya gwamnati ta cika maka fa? Ta ce wannan tallafin daga layin talauci yake farawa ya yi sama, shi kuma abin da yake samu bai taɓo layin ba.

"Wato talaucina ya yi yawa a taimake ni," in ji shi.

Ta ce ba haka aka nufa ba da farko. An yi dokar kamar tsani mai matakala biyu, ta ƙasa ga irinsa, ta sama ga waɗanda suka ɗan ɗara shi. Kotu ta ce ta ƙasan sai jiha ta yarda a kafa ta, jiharsa kuwa ba ta yarda ba. Lonzo ya kai hannu aljihun gaba kamar mai neman abu, ya dawo da hannun. Ya tuna kofi shida.

Twila ta ce akwai hanya ɗaya mai tsabta: ya ƙaura da gaske. Ranar da ya kwana a arewa da niyyar zama, ya zama ɗan Kentucky, ba a jiran wata ko shekara. Ardis ta ce ɗakin da take ɗinki ba kowa a ciki sai keke. Lonzo ya zaro katin daga walat, ya ajiye a kan tebur, ya gyara masa zama da yatsa, ya tashi.

A mota Ardis ta sauke masa kwandon faɗan da ta riƙe tun ofis. Ta ce shekara hamsin da tara ba wanda ya taɓa tambayarsa hannun titi, sai da ya buɗe baki a kan kofi. Ta ce da ya yi shiru kwana tara kawai, wa zai sani?

"Ni," in ji shi. "Na sa hannu a ƙasan takardar, Yaya. Kin ga abin da aka rubuta a saman sa hannun, rantsuwa ce cewa na faɗi gaskiya."

Duk da haka ya so ƙafarsa. Ranar Litinin ya fito da akwatin Nelda, ya zuba riga biyar da wando uku. Ya tsaya a bayan gida wurin kaburbura ya daɗe, ya ce wa kansa ai titi ne kawai, daga tagar Ardis ma ana hango shingen. Talata da safe ya biya shagon Burl kamar kullum, da niyyar in ya sha kofi ya kwashi kaya. Labari kuwa ya riga shi, garin da ke da mutum ɗari shida ba ya ajiye zance. Yana ɗingishi zai ja kujerarsa ta kudu, Burl ya ɗaga murya daga bayan kanta.

"A'a, mutumina, ba nan ba. Ku matsa wa baƙo a arewa, ya zo cin arzikin tarayya. Lonzo, ina ɗan littafin? Ka gwada ɗaura shi a ƙafar mana, ko gyara na goma zai tsotse ruwan."

Mutum biyar suka yi dariya, Lonzo ya zama na shida. Ya ma mayar da martani, ya ce gara ƙafa ɗaya a Tennessee da biyu a Kentucky, aka sake kwashewa. Burl bai nufi komai ba, irin wannan sun yi ta fi sau dubu. Amma Lonzo ya sha rabin kofi, ya koma gida, ya mai da riga biyar da wando uku inda suke, ya tura akwati ƙarƙashin gado.

Ga Ardis ya kawo hujjar aiki. Ya ce taba tana rataye a rumbu bakwai, ya ɗauki alkawarin mutane huɗu, likita ya ce in an yi aiki ba shi ba taka ƙasa sai bayan wata biyu, wa zai riƙe wutar? Ba ƙarya ya yi ba. Masu banda a yankin sun ragu saura uku, ɗaya ya fi shi tsufa, ɗaya ya ƙone rumbu biyu. Hoyt Marable ya ce masa ya huta, za su san yadda za su yi, amma bai ce sau biyu ba, da Lonzo ya ce zai ƙarasa sai mutumin ya sauke ajiyar zuciya. Ardis ta ce ta san wutar da yake tsoro, ba ta rumbu ba ce, ta teburin Burl ce. Ya yi kamar bai ji ba.

Kwana ashirin da tara aka yi a haka. Ya sayi takalmi mai girma da lamba biyu, yana naɗe ƙafar da bandeji ya zura ta a ledar burodi don kada toka ta shiga. Ardis tana tsallako titi sau uku a yini, safe da ruwan gishiri, rana da abinci, yamma da faɗa, tsallaka tamanin da bakwai ke nan ban da komawa. Biyu ga Oktoba ta zo ta wuce yana cikin rumbun Hoyt na biyu yana barbaɗa garin katako. A mako na biyu ƙaramin yatsa ya yi launin toka. A na uku na kusa da shi ya bi. Ardis ta daina faɗa, ta koma wanke ciwon tana kau da kai saboda wari, shi kuwa yana kallon rufi yana ba ta labarin yadda ganyen bana ya yi kyau. Kuma ya yi kyau ɗin. Tsofaffi sun ce rabon da a ga taba mai sheƙi haka an yi shekara goma.

Ya kashe wuta ta ashirin da ɗaya ranar Talata, ashirin da takwas ga Oktoba. Laraba da safe Ardis ta leƙa ta taga ta gan shi zaune a ƙasa a tsakar gidansa, rabin hanyar akwatin wasiƙa, jikinsa yana karkarwa, yana kiran kaji da sunan Nelda.

Birni mil talatin da takwas ne. Sashen gaggawa ba ya korar wanda ke bakin mutuwa, da kati ko ba kati, wannan kam dokar tarayya ce kuma ba wanda ya kai ta kotu a Tullis. Suka yanke yatsu uku da gefen ƙafar da ke riƙe da su, suka kashe zazzaɓin. Likitar da ta yi aikin ta gaya masa ba kwana-kwana: sun kashe gobara ne, ba su gyara gida ba. In ba a buɗe jijiyar ba, zuwa na gaba daga ƙasan gwiwa za su fara. Aikin jijiya kuwa ba ya cikin gaggawa, sai ranar da ya makara.

Kwana na huɗu Burl ya zo. Ya tsaya a ƙofar ɗaki da hula a hannu yana juya ta, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba. Lonzo ya dube shi, ya dubi tudun bandeji a ƙarshen gado.

"Da kofi ka zo ko da baki?"

"Da mota na zo," in ji Burl. "Ardis ta ce gadonka ba ya shiga ƙofa sai an kwance shi. Na taho da sifana."

Lonzo ya juya fuska wajen taga. Can ya ce mabuɗin yana ƙarƙashin tukunyar fure ta biyu, kuma a yi hankali da ƙafar gadon ta hagu, tana da tsaga.

Ashe ma motar ba ta yi amfani ba, tafiyar ba ta kai a tayar da inji ba. Tsofaffi huɗu na teburin suka ɗauko gadon a hannu, biyu 'yan kudu biyu 'yan arewa, suka tsai da wata motar itace a tsakiyar titi suka wuce da shi. Kaya bakwai aka tsallaka da su: gado, kujera, akwati biyu, rediyo, hoton Nelda, da agogon bango da ya tsaya tun bara. Kajin aka bari, Ardis ta ce ba ta haɗa su da lambunta.

Da aka sallame shi ya kwana ɗaya a ɗakin ɗinki, washegari aka tura shi a keken marasa lafiya zuwa ƙofa ta uku a hagu. Twila ta ɓoye shuɗin kofin a aljihun tebur kafin su shigo, amma ya lura. Ta tambayi adireshi, ya ce lamba 421. Ta ce nan yake zaune? Ya ce tun jiya. Ta ce da niyyar zama? Ardis ta buɗe baki, Twila ta ɗaga mata hannu.

"Da niyyar zama," in ji shi.

Aka yi aikin jijiya cikin Disamba, ƙafar ta tsira da yatsu biyu. Banda kuwa ta ƙare, likita ya ce ƙafar da ba ta jin wuta ba ta da abin yi a rumbu. Ya miƙa lasisin tuƙinsa na Tennessee aka huda shi aka ba shi sabo. Ya kankare lamba 418 daga jikin akwatin wasiƙarsa da wuƙar aljihu, domin wasiƙunsa yanzu a na Ardis suke faɗawa, akwatin ya tsaya a layi ba suna ba lamba.

Ya koma shagon Burl cikin Fabrairu da sanda. Ba wanda ya ce masa ga inda zai zauna, ya ja kujerarsa ta da. Littafin yana nan a aljihu, ana ganin shatarsa. Aka yi zancen sanyi da farashin taba, aka yi ta kewaye-kewaye, har Hoyt ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko yanzu ya canza ra'ayi a kan kotu. Lonzo ya ce bai canza ba. Shinge abu ne mai kyau, shi da ya yi rayuwarsa yana kafa shi ya sani, kuma gwamnatin da ba ta da shinge ba ta da daɗin maƙwabtaka.

"Littafin bai yi mini ƙarya ba," in ji shi. "An ce jiha ta zaɓa, ta zaɓa. Ni ne ban ƙirga kaina cikin waɗanda ake zaɓa wa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Burl ya cika masa kofi.

Tun daga nan ƙirga ta kama shi. Daga barandar Ardis gidajen kudu sha ɗaya duka a idonsa suke, ɗaya nasa ne a rufe, saura goma, kuma ya san huɗu a cikinsu ba su da inshora ba su da hanyar samu. Wadda ta fi tsaya masa a rai Mavis Oglesby ce ta lamba 430, mai goge-goge a gidan saukar baƙi, shekararta hamsin da biyu, ta gaya wa Ardis a asirce cewa ta ji ƙullutu a ƙirji tun bazara. Ba ta da 'yar'uwa a arewa kamar Lonzo, haya kuma ta fi ƙarfinta. Ardis ta auna ɗakin ajiyarta da igiya har sau biyu ko gado zai shiga, bai shiga ba. Kullum da rana Mavis takan tsallako ta buɗe akwatin wasiƙarta a Kentucky, ta ɗaga wa Lonzo hannu, ta koma.

Gidansa ya fara nuna rashin mutum. Bututun ruwa ya fashe a sanyin farko, kwano ɗaya ya ɗaga a kusurwar rufi, dila ya rage kajin zuwa tara. In ya kai sittin da biyar inshorar tsofaffi za ta ɗauke shi a kowane hannun titi, sai ya koma. Ya lissafa daga watan da ya ƙaura, wata sittin da huɗu ne, yana soke su ɗaya-ɗaya a kalandar kamfanin taki da ke bayan ƙofa. Ko gidan zai jira, ko ƙafar za ta jira, wannan ba ya cikin abin da kalanda take faɗa.

Kowace la'asar yakan ɗauki sanda da gwangwanin hatsi ya tsallaka. Ya watsa wa kaji, ya zagaya baya ya cire ciyawa a kaburbura uku, ya zauna a matakalar ƙofarsa har rana ta sunkuya. Ba ya shiga ciki, kada barci ya ɗauke shi a inda ya ce ba nan yake kwana ba. In inuwar gidan ta kai bakin titi sai ya dafa sanda ya miƙe. Ardis tana tsaye a taga tana ƙirga masa ba tare da ya sani ba, daga bakin ƙofa zuwa akwatin da ba lamba. Jiya saba'in da huɗu ta samu, da tsayawa biyu.